Murya na kakkaryewa a FreePBX na cikin Proxmox, ta ina za a fara?

Nura, Hadejia: Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar masana a kan tsarin wayar wata ƙungiyar manoman shinkafa. Babban ofishin yana nan Hadejia, akwai rumbuna uku a Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori. Wayoyin tebur 14 a ofis, uku-uku a rumbuna, 23 ke nan. FreePBX 17, manhajar da ke haɗa kiran wayoyin, aka ɗora a kan Debian 12, amma ba shi da kwamfutar kansa. Ɗan haya ne a cikin Proxmox, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama sabobi da yawa, shi da sabar lissafin kuɗi da sabar kyamarorin tsaro. Abu uku ke damun aikin. Daga hantsi zuwa azahar murya tana kakkaryewa, ko da kiran daga wannan tebur ne zuwa na kusa da shi. In 'yan Auyo suka kira, ofis na jin su, su ba sa jin komai. Kiran Kafin Hausa kuma yana katsewa bayan kamar rabin minti, kullum a daidai wurin. Shugabannin ƙungiyar har sun fara maganar a kwashe komai a kai wata sabar haya a Turai. Kafin a kai ga haka, ta ina ya kamata a fara?

Malam Sabo, Dambatta: Wa'alaikumussalam. Malam Nura, a fitar da shi daga Proxmox. A sayi ƙaramar kwamfuta mai RAM giga 4 da faifan SSD, a ba shi shi kaɗai. Murya ba ta son zaman haya. Sabar lissafi in ta yi jinkirin sakan ɗaya babu mai lura, amma murya in ta makara da milisakan 100 kunne ya ji.

Injiniya Bala, Ringim: Malam Sabo, gaskiyarka a kan cewa murya ba ta jira, amma laifin ba na zaman hayar ba ne, na yadda aka raba ɗakunan ne. Kafin a kashe kuɗi a auna tukuna. Malam Nura, a daidai lokacin da muryar ke kakkaryewa ka shiga cikin sabar wayar ka buga `vmstat 1`, ka bar shi ya yi minti biyu. Ka dubi ginshiƙin `st` da na `wa`. Na farkon yana nuna lokacin da sabar ta shirya yin aiki amma uwar na'ura ba ta ba ta furosesa ba, saboda wata 'yar hayar ta riƙe. Na biyun jiran faifai ne. A sabar waya ana son `st` ya zauna a sifili ko kusa da shi.

Dalilin da ya sa abin ke shafar ko kiran cikin ofis shi ne muryar ba ta tafiya kai tsaye daga waya zuwa waya, sai ta bi ta sabar. Kowace waya tana aika ƙunshi ɗaya duk milisakan 20, wato ƙunshi 50 a sakan. Kira ɗaya yana sa sabar ta karɓi 100 ta fitar da 100. Kira goma a lokaci guda ƙunshi 2000 ne a sakan, kuma wannan ba komai ba ne a wurin furosesa ta yanzu. Nauyin ba shi ne matsalar ba. In aka tsayar da sabar na milisakan 60 kawai, ƙunshi uku sun taru, sai su fita a dunƙule, wayar da ke can ta zubar da waɗanda suka makara. Abin da kunne ke ji ke nan.

Ka faɗa mana kuma ƙwayar furosesa nawa uwar na'urar take da ita, nawa aka raba wa kowace saba.

Nura, Hadejia: Injiniya, na auna. Uwar na'urar ƙwaya 4 gare ta. An ba waya 2, lissafi 4, kyamara 4. Da tsakar rana `st` yana yawo tsakanin 8 da 14, `wa` kuma yakan yi tsalle. Faifai ɗaya ne duka ukun suke kai.

Injiniya Bala, Ringim: To ga ta nan. An yi alkawarin ƙwaya 10 alhali 4 ke akwai, kuma sabar kyamara ba ta hutawa. A mayar da kyamara 2, lissafi 1. A ɗaga `cpuunits` na sabar waya: a Proxmox na yanzu kowa yana zuwa da 100, ita a ba ta 1000, don in an yi cunkoso ita za a fara sallama. In ana son a ƙara tsaurarawa akwai `affinity`, a ɗaure ta a ƙwaya ta 0 da ta 1, amma fa sai an ɗaure sauran biyun a ta 2 da ta 3, in ba haka ba za su ci gaba da shigo mata ɗaki. Nau'in furosesa a zaɓi `host`, katin sadarwa a zaɓi VirtIO, kada a bar shi a kan na kwaikwayon Intel E1000. A kashe balan-balan ɗin RAM, a ba ta giga 4 tsayayye, don wannan tsarin yana ƙwace RAM daga saba ya ba wata yana tsakiyar aiki.

Faifai kuma lallai a raba. Kyamara rubutu take dare da rana, a ba ta nata faifan daban, sabar waya ta zauna a SSD.

Malam Sabo, Dambatta: Na yarda da awon, lambobin sun nuna. Inda nake tsaye shi ne wanda zai gaji aikin. Duk waɗannan saitin a kan mutum ɗaya suke, ranar da wani ya zo ya ƙara saba ta huɗu bai sani ba, an koma gidan jiya. In za a bar ta a ciki, a rubuta a akwatin bayanin sabar, wanda ke shafinta na farko a Proxmox, cewa ƙwaya biyun nan na waya ne, kada a taɓa.

Malama Hadiza, Gumel: Sannunku da ƙoƙari. Matsala ta biyu da ta uku ba su da alaƙa da Proxmox ko kaɗan, ko an sayi sabuwar kwamfuta suna nan. A kiran intanet hanya biyu ce. SIP ne ke ƙulla kira ya kwance shi, a ƙofa ta 5060. RTP ne ke ɗauke da muryar kanta, a Asterisk, injin da ke ƙarƙashin FreePBX, yana amfani da ƙofofin UDP daga 10000 zuwa 20000. Shi ya sa waya za ta yi ƙara, a ɗauka, amma a ji shiru.

Na Auyo: wayar tana bayan rawuta, sai ta rubuta adireshinta na cikin gida, irin 192.168, a matsayin inda za a aiko mata murya. Sabar ta gaskata ta, ta dinga jefa murya a adireshin da ba ya fita intanet. Maganinsa `rtp_symmetric=yes`, ma'ana sabar ta mayar da murya ta inda muryar wancan ta shigo, ta manta da abin da wayar ta rubuta. A haɗa da `force_rport=yes` da `rewrite_contact=yes` da `direct_media=no`. Ka duba `local_net` ma. In an rubuta 192.168.0.0/16 gaba ɗaya, sabar za ta iya ɗaukar wayar Auyo a matsayin ta cikin ofis. Ainihin zangon ofishin kawai za a sa. Kuma ka tabbata ofis da rumbu ba zango ɗaya suke amfani da shi ba, don duk MikroTik da 192.168.88 yake zuwa daga kwali.

Na Kafin Hausa ka duba agogo, sakan 32 za ka gani. Idan aka ɗauki kira, sabar tana aika 200 OK, tana jiran wayar ta amsa da ACK. In amsar ba ta iso ba sai ta yi ta maimaitawa har sau 64 na rabin sakan ya cika, sannan ta yanke. Abu biyu ke hana ACK isowa: ko sabar ta ba da adireshinta na ciki saboda ba a cike `external_signaling_address` ba, ko rawutar rumbun tana taɓa saƙon a hanya. Tun da muryar Auyo tana isowa ofis, alama ce adireshin waje yana nan daidai, don haka na fi zargin SIP ALG, wato saitin da ke taɓa saƙon SIP a hanya, a rawutar Kafin Hausa. In MikroTik ce, ka shiga IP, Firewall, Service Ports, ka kashe `sip`. Ka sa `sngrep`, manhajar da ke nuna saƙonnin SIP, a sabar ka yi kira ɗaya, za ka ga 200 OK yana ta jeruwa babu amsa.

Nura, Hadejia: Malama, sakan 32 ne cif, kuma `sngrep` ya nuna abin da kika faɗa. Ofis yana da tsayayyen adireshin waje, an buɗe 5060 da ƙofofin murya zuwa sabar. Rumbunan kuma da layin 4G suke.

Malama Hadiza, Gumel: Wannan buɗaɗɗiyar 5060 ta fi duk abin da ka lissafo haɗari, Malam Nura. Akwai na'urori da ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa wannan ƙofar da manhajoji irin su SIPVicious. In suka dace da lambar ciki mai raunin kalmar sirri, sai su kwana suna kiran lambobin ƙasar waje masu tsada da kuɗin ƙungiya. Ka buɗe `/var/log/asterisk/full` ka ga yawan masu gwada rajista da ba ka san su ba.

Shawarata a rufe ta, a haƙa bututun WireGuard, wato keɓaɓɓiyar hanya mai sirri a cikin intanet, daga kowane rumbu zuwa ofis. RouterOS 7, manhajar rawutar MikroTik, yana da shi a ciki. Layin 4G yawanci yana bayan NAT na kamfani ne, wato mutane da yawa na raba adireshin waje ɗaya, in ka ga adireshin da rawuta ta samu yana tsakanin 100.64 da 100.127 ko ya fara da 10, to ba mai iya shigo masa daga waje. Don haka rumbu ne zai nemi ofis, a sa `PersistentKeepalive` a 25 don kada hanyar ta rufe. Kowane rumbu da zangonsa, a ƙara zangunan uku a `local_net`. Da zarar wayoyi sun koma cikin bututu, babu NAT tsakaninsu da sabar, ALG ma ba ya ganin abin da ke ciki. Ƙofa ɗaya ta UDP kaɗai za ta rage a buɗe.

Auwalu, Kafin Hausa: Malama, bututun ba zai ƙara cin data ba? A nan da kati ake saye, kuma da yamma layin yana yin nauyi ƙwarai.

Malama Hadiza, Gumel: Zai ƙara, ga lissafin. G.711, ɗaya daga cikin hanyoyin ƙunsa murya, kilobit 64 ne a sakan. Kowane ƙunshi bayit 160 na murya, da bayit 40 na kanun RTP da UDP da IP, 200 ke nan, sau 50, ya zama kilobit 80 a kowace fuska. WireGuard yana ɗora bayit 60 da ɗan ciko, sai ya kai wajen 107. Zuwa da dawowa, kusan megabayit 1.6 a minti. G.729 kuma kilobit 8 ne, da kanunsa 24, a cikin bututu kusan 50, wato megabayit 0.75 a minti. Ka lura kanun sun fi muryar nauyi a nan. Haƙƙin mallakar G.729 ya ƙare tun 2017, amma muryarsa ba ta kai ta G.711 tsabta ba. In wayoyin suna da Opus shi na fi so a layi mai zubar da ƙunshi, don yana iya cusa ɗan kwafin ƙunshin baya a cikin na gaba. A cikin ofis a bar `alaw`, nau'in G.711 ne, shi ake amfani da shi a nan da Turai, `ulaw` na Amurka da Japan ne.

Injiniya Bala, Ringim: Ƙarin bayani a nan: duk kiran da ɓangare ɗaya ke G.729 ɗayan ke `alaw`, sabar ce ke juya muryar, kuma wannan ne aikin da ke cin furosesa da gaske. Wayoyi tara na rumbuna ba za su gagari ƙwaya biyu ba, amma a san da shi. Maɓallan zaɓi kuma, irin "danna 1", a bar su a RFC 4733, don G.729 yana lalata sautin maɓalli in aka tura shi a cikin murya.

Nauyin yamma da Auwalu ya ambata, wani ɓangarensa daga cikin rumbun yake. Mutum ɗaya ya tura bidiyo a WhatsApp, layin fita ya cika, ƙunshin murya ya shiga bayan dogon layi. A sa CAKE ko fq_codel, tsarin da ke hana ƙunshi yin dogon layi, a rawuta, a ƙayyade fita a kashi 85 cikin 100 na abin da layin ke bayarwa a lokacin da ya fi rauni. Alamar DSCP 46, mai ba ƙunshin murya fifiko, tana aiki a cikin gida, amma kada a dogara da ita a intanet, kuma WireGuard ba ya fito da ita waje. Dabarar ita ce murya kaɗai za ta bi bututun, sai a ba ƙofar bututun gaba ɗaya fifiko.

Auwalu, Kafin Hausa: To maganar Turai fa? Ni ina ganin shugabannin suna da hujja. Can ba a ɗauke wuta, babu ƙura, babu zafi.

Malama Hadiza, Gumel: Hujjar wuta gaskiya ce, amma wayoyin da suwic da rawuta suna nan Hadejia, dole a ba su wuta ko ina sabar take. Sannan a yi lissafin nisa. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya ta ce jinkiri daga baki zuwa kunne ya fi kyau kada ya wuce milisakan 150. In sabar tana Landan, kiran tebur da tebur sai ya je Legas, ya bi kebul ɗin teku, ya dawo. Ka buga `ping` ka gani. In ka samu 130, ƙara 20 na ƙunsa murya, da 40 ko 60 na ma'ajiyar da waya ke daidaita isowa da ita, an wuce iyaka, mutane su fara katse wa juna magana. Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. A irin wannan rana ofishin da sabarsa ke Turai yana iya kasa kiran ko mai gadinsa. Wayoyi 14 daga cikin 23 gini ɗaya suke, sabar ta zauna tare da su.

Malam Isa, Birnin Kudu: Bari in sa baki a kan wuta, don sau da yawa ita ce ke kashe irin wannan aikin. A ƙiyasta uwar na'ura da faifanta wat 60, suwic mai ba waya wuta ta kebul da wayoyi 14 wat 70, rawuta da modem wat 20. Wat 150 ke nan, a awa 24 kilowat-awa 3.6. Dare na awa 14 zai ci 2.1, da asarar inbata a ce 2.4. Batirin ruwa biyu masu 12V 200Ah suna ɗauke da 4.8, amma rabi kawai ake sha in ana son su daɗe, wato daidai bakin buƙata, babu rara. Litiyom mai 51.2V 100Ah, wanda ake kira 48V, yana da 5.12, shi ne zai ba da natsuwa. Farantan sola kuma, in aka raba 3.6 da awa biyar na rana mai ƙarfi an samu wat 720, amma da zafi da ƙurar hunturu da asarar caji a sa 1000 zuwa 1200, kuma a riƙa goge su.

Inbata a sa ta a yanayin UPS, in ba haka ba ɗan giɓin da take bari wajen sauyawa zai iya sa kwamfutar ta sake tashi. A BIOS a kunna tashi da kai idan wuta ta dawo. A Proxmox a sa sabar waya ta tashi da kanta, ta zama ta ɗaya a jeri, a ba sauran jinkirin sakan 60. Ɗakin ya samu iska, don a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, furosesa in ta yi zafi rage gudu take, sai kakkaryewar ta dawo a ɗauka saiti ne. Kebul kada ya wuce mita 100, kuma duk wanda ya fita daga gini zuwa gini a sa masa kariyar tsawa da sandar ƙasa kafin damina.

Malam Sabo, Dambatta: Wani abu da zaman Proxmox ke jawowa wanda ba a ambata ba: hoton saba. Ɗaukar hoto tare da RAM yana iya tsayar da ita na ɗan lokaci, mai kira ya ji shiru. Kada a yi shi da rana. Ajiyar dare a sa ta ƙarfe 2, a sa `qemu-guest-agent` a ciki don rumbun bayanai ya fita lafiya. Hoto kuma ba ajiya ba ne, a faifai ɗaya suke da sabar, in ya mutu sun tafi tare. A riƙa fitar da kwafi na FreePBX kansa zuwa wani wuri duk mako, a gwada mayar da shi ko sau ɗaya. In ana naɗar kira, minti ɗaya na WAV kusan megabayit ɗaya ne, yana taruwa a `/var/spool/asterisk/monitor`. Faifai in ya cika, MariaDB, wato rumbun bayanan, ce ke fara tsayawa, shafin gudanarwa ya ƙi buɗewa. Agogo ma a sa `chrony`, yankin lokaci Africa/Lagos, in ba haka ba tarihin kira zai rikice.

Nura, Hadejia: Allah ya saka da alheri. An rage ƙwayoyin, an raba faifai, yanzu `st` bai wuce 1 ba da tsakar rana, muryar cikin ofis ta daidaita. Kafin Hausa da Auyo sun shiga bututu, kira ya wuce minti goma bai katse ba, kowa na jin kowa. Malam Madori sai gobe in Allah ya kai mu, daga nan a rufe 5060. Saura tambaya ɗaya: kiran manoma a waje ta wata na'ura mai SIM huɗu yake fita. Akwai abin lura a nan?

Malama Hadiza, Gumel: Akwai. Na'urar ta zauna a zangon ofis, a ba ta `alaw`, kuma daga sabar kaɗai na'urar za ta karɓi kira. Kada a taɓa bari kiran da ya shigo daga intanet ya fita ta SIM ɗin. Shigo da kiran ƙasar waje ta intanet a sauke shi a layin gida shi ne abin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ke yaƙi da shi, kuma in ɓarayi suka yi hakan ta na'urarku, layukan ƙungiya ne za a rufe. Layukan su kasance da cikakkiyar rajista. A hanyar fita a yarda da lambobi 11 masu farawa da 07 da 08 da 09 kawai, a toshe 009 da duk lambar da ta fara da alamar tarawa in ba 234 ke biye ba. A buɗe wa 112 hanya ta musamman daga kowace waya. Kalmar sirrin kowace lambar ciki kada ta gaza harafi 16, a kashe karɓar baƙon kira marar rajista, a bar fail2ban, mai toshe masu yawan gwada kalmar sirri, a kunne ko bayan an rufe ƙofar.

Injiniya Bala, Ringim: In ka je Malam Madori, kafin ka taso ka sa a yi kira na minti biyar, kai kuma ka shiga sabar ta bututun ka buga `pjsip show channelstats`. In asarar ƙunshi ta haura kashi 1 cikin 100, ko tangal-tangal ɗin isowa ya wuce milisakan 30, ka fitar da eriyar 4G waje ka ɗaga ta sama, ka sake awon da yamma bayan la'asar, lokacin da layin ya fi cika.